Tauraron Da Ba Mai Kiransa: A Faɗi Sunansa Ko A Ɓoye?

A labarin da ke cike da jama'a, suna ba ya ba marubuci wahala. Uwa za ta ƙwala kira daga madafa, aboki zai yi sallama a zaure, ɗan sanda zai tsare mutum ya tambaye shi, sai mai karatu ya tsinci sunan bai ma lura an miƙa masa ba. Matsalar tana tasowa ne idan tauraron shi kaɗai ne tal. A ce marubuci ya ɗauko wani dattijo da ke gadin dare a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri da suka durƙushe. Ba kowa a harabar sai shi da tocila da 'yar rediyo da injinan da tsatsa ta cinye. Daga magariba har asuba ba wanda zai yi masa sallama, balle ya ambaci sunansa. To ta wace ƙofa sunan zai shigo? Kafin ma a kai nan, dole ne ya shigo?

Da gangan na ɗauko misalin daga kudancin kogin Kaduna, domin a nan tambayar ta wuce batun gwanintar alƙalami. Kakuri ta tashi ne a kan saƙa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, a shekarun 1960 UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Aiki ya jawo mutane daga ko'ina. Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Bayarabe da Ibo suka yi haya gida ɗaya a Makera da Nasarawa da Kakuri, jiniya ɗaya ke tashinsu. Sai rikicin watan Fabrairu da na Mayu na 2000 ya zo, na Nuwamba 2002 ya biyo, na bayan zaɓen 2011 ya ƙara. Mutane suka kwashe kayansu suka tsallake gada, kowa ya nufi ɓangaren da yake jin zai kwana da ido biyu a rufe. Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka cika Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. A waɗannan kwanaki, a duka gaɓoɓin biyu, an tare mutane a hanya, kuma tambayar suna na cikin abin da ya raba wanda ya koma gida da wanda bai koma ba. Duk wanda ya girma a garin nan ya san haka ko ba a faɗa masa ba. Saboda haka in marubuci ya ce mai gadin nan sunansa Bulus, ko ya ce Abubakar, ya riga ya dasa shi a gefe ɗaya na kogi tun bai kunna tocilarsa ba.

Masu cewa a ɓoye sunan suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma ba daga waje suka aro su ba. Tatsuniya da ita muka buɗe ido, kuma in ka cire Gizo da Ƙoƙi da 'yan tsirarun irinsu, mutanen cikinta wani mutum ne, wata yarinya, wata tsohuwa a bakin rafi. Ba yaron da ya taɓa katse kakarsa ya ce sai an faɗa masa sunan marainiyar kafin ya tausaya mata. Littattafan addinin da mutanen gaɓoɓin biyu ke karantawa ma haka suke yi. Alƙur'ani bai ambaci sunayen samarin kogo ba, bai faɗi sunan mutumin da ya sheƙo daga ƙarshen birni a Suratu Yasin ba, ko mai gonaki biyun nan na Suratul Kahfi. A Linjilar Luka, Basamariyen da ya tsaya ya taimaki wanda 'yan fashi suka yi wa rauni ba shi da suna, wanda aka yi wa raunin ma haka. Rashin sunan ne ke sa mai sauraro ya ga cewa shi ake nufi.

Masu cewa a ɓoye kuma suna kafa hujja da alkunya. Al'adarmu ta daɗe da sanin cewa ƙin ambaton suna ba raini ba ne. Uwa kan shekara hamsin ba ta furta sunan ɗan farinta ba, mace kan ce maigida ko Malam ko baban wane har ta mutu, kuma ba wanda zai ce ba su damu da waɗannan mutane ba. Mai karatun Hausa, in ji su, ya saba da irin wannan shirun, ya san yana iya zama girmamawa. In marubuci ya yi ta cewa dattijon, dattijon, har ƙarshen labari, kunnen Bahaushe ba zai ji wani gibi ba.

Daga adabin duniya kuwa, misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Ayi Kwei Armah, ɗan Ghana. A littafinsa na 1968, The Beautyful Ones Are Not Yet Born, tauraron akawu ne a ofishin jirgin ƙasa a ƙarshen mulkin Nkrumah, ya ƙi cin hanci, kowa har iyalinsa na ganin wautarsa. Daga farko har ƙarshe ba a faɗi sunansa ba, alhali tsohon abokin karatunsa da ya zama minista yana da suna, Koomson. Wanda ya san tashar jirgin ƙasa ta Kaduna, inda layin Fatakwal ya haɗu da na Legas zuwa Kano, ba zai sha wuyar hango irin wannan akawun a cikinta ba. Ralph Ellison a Amurka ya yi haka a Invisible Man a 1952, inda baƙar fatar da ke ba da labarin daga wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa bai taɓa faɗin sunansa ba, domin jigon littafin shi ne jama'a sun ƙi ganinsa.

Sai hujjar da ta fi cizo a Kaduna. Suna cewa mai karatu a Tudun Wada da mai karatu a Sabon Tasha kowanne na da abin da ke zuciyarsa, kuma suna shi ne ke tayar da shi. Ka ce Istifanus, wani ya ja baya. Ka ce Usman, wani ya tuna gidan da ya bari. Amma in ka bar dattijon da ciwon gwiwarsa, da shayin da ya huce, da kuɗin sallamar da ya shekara da shekaru yana jira, dukansu biyu za su shiga rigarsa kafin su tuna su tambayi addininsa. A garin da suna ya ci rayuka, in ji su, marubuci na da damar ya ajiye wannan makamin a ƙofa.

Suna da wata magana kuma ta sana'a zalla, wadda na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Mutumin da ke zaune shi kaɗai ba ya tunanin sunansa. Dabarun da marubuta ke yi don cusa sunan yawanci ɗinkinsu a fili yake. Tauraro ya zaro katin shaida daga aljihu ya tsaya yana karanta sunan kansa kamar yau ya fara ganinsa. Ko ya dubi madubi ya kira kansa da suna har da na mahaifi. Ko waya ta yi ƙara a daidai lokacin da marubuci ke buƙata, a kira sunan, a kashe, ba a kuma jin ɗuriyar mai kiran. Mai karatu na gane cewa ba don labarin aka yi wannan ba, don shi aka yi, kuma da zarar ya gane, ya fita daga harabar masaƙar ya koma kallon hannun marubuci.

Duk da wannan, ina tare da masu cewa a faɗa.

Abu na farko, tatsuniya daban, ƙagaggen labari daban. Tatsuniya na neman darasi, mutumin cikinta ɗaukar darasin kawai yake yi. Ƙagaggen labari kuwa mutum guda yake nema, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Magabatanmu a rubutu sun fahimci haka tun gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan tauraronsa ya sa wa littafinsa, Shaihu Umar. Bello Kagara ma haka ya yi da Ganɗoki. Abubakar Imam a Ruwan Bagaja bai tsaya nan ba, ya ba matafiyinsa sunan Alhaji Imam, ya haɗa shi da Malam Zurƙe. Bayan shekara casa'in yaran makaranta na tuna waɗannan mutane, kuma da sunan ake kamo su. Hausawa sun ce suna linzami ne. Labarin da ba shi da inda za a riƙe shi, wuyar ba da shi ga wani ake yi, kuma labarin Hausa yawanci ta baki yake yawo, daga wanda ya karanta zuwa wanda bai karanta ba.

Wannan ya kawo batun kunne. Kaso mai yawa na masu bin littattafan Hausa saurare suke yi, a rediyo ko a waya, suna tuƙa Keke Napep ko suna girki. Mai sauraro ba ya iya komawa shafin baya. Kaɗaicin tauraro kuma ba ya hana wasu shigowa ta hanyar tunani. Da zarar mai gadin ya tuna ubangidansa na sashen rini, ko ƙaninsa da ya rasu, an sami maza biyu ko uku a jimla ɗaya, kowanne ya ce, ya tafi, ya dawo. Harshenmu na bambanta namiji da mace a lamiri, amma ba ya bambanta namiji da namiji. In ba suna, marubuci zai koma maimaita dattijon da mai gadin har su gundure, ko kuma ya rage mutanen da tauraron ke tunawa, wato ya talauta rayuwarsa don ya kare wata dabara.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake hana wa suna. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka watse, kuma da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu. A jarida adadi ne su. A masaƙa lamba ce a kati. A unguwa, wanda ya koma gadi sunansa mai gadi, ko Baba in an so a girmama shi, kuma mutum na iya shekara goma yana buɗe wa masu gida ƙofa a Barnawa ba su taɓa tambayar sunan da aka raɗa masa ba. In marubuci ya zo shi ma ya ce dattijon, ya sa hannu a abin da aka daɗe ana yi wa mutumin. Masu kawo misali da Basamariye su duba wani misalin a cikin Luka ɗin dai, na attajiri da matalaucin da ke kwance a ƙofarsa. Attajirin ba a faɗi sunansa ba. Matalaucin an faɗa, Li'azaru. Armah ya ɓoye sunan talaka don ya nuna yadda aka shafe shi, kuma ya yi nasara, amma hanya ce da ke buƙatar littafi guda ya tsaya a kanta. Mafi yawan masu kwaikwayonsa shafewar kawai suke maimaitawa, nunin ba ya fitowa.

Alkunyar ma da ake kafa hujja da ita tana da wani gefe. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta ta san sunan, kowa a gidan ya sani, shi ya sa shirunta ke da nauyi. Abubakar Adam Ibrahim ya gina wani babban sashe na Season of Crimson Blossoms, littafinsa na 2015, a kan wannan: Hajiya Binta na ɗauke da ciwon cewa ɗanta na fari ya mutu ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. Ciwon na kama mai karatu ne domin akwai sunan, an hana shi fita. Inda babu suna kwata-kwata ba alkunya, sai dai rami.

Hujjar gaɓoɓin kogi kuwa, wadda na ce ta fi cizo, in aka bi ta a hankali sai a ga tana cin kanta. Suna ba shi kaɗai ke tona mutum a Kaduna ba. Me dattijon ke yi in asuba ta gabato, alwala ko waƙar sujada a ƙasan maƙoshi? Da wane harshe yake mafarki? In ya tuna gida, Zonkwa yake gani ko Ɗanja ko Gboko? Ina ya kwana a watan Fabrairun 2000, kuma wa ya ɓoye shi? Marubucin da ya ƙudura kada a gane ɓangaren tauraronsa dole ya toshe duk waɗannan ƙofofi. Ya hana shi addu'a, ya hana shi ƙauye, ya hana shi tarihi. Abin da zai rage mutum ne da ba a taɓa haifa a Kaduna ba. Sannan mai karatu ba ya barin gurbi a buɗe, cike shi yake yi da irin nasa. Na Tudun Wada zai sa wa dattijon hula da carbi, na Sabon Tasha zai sa masa gicciye, kowa ya tausaya wa ɗan'uwansa ya rufe littafi bai tsallaka gada ko taku ɗaya ba. Aikin da nake fata labari ya yi a garin nan shi ne ya gaya wa mai karatu tun a shafin farko cewa wannan mutum daga can yake, sannan ya riƙe shi har ya kwana da shi a ɗakin gadi. Ya fi wuya, wasu za su ajiye littafin, amma wanda ya kai ƙarshe ya ratsa wani abu na gaske.

Akwai masu tsayawa tsakiya su ce a ɓoye har shafin ƙarshe, sannan a saki sunan ya faɗo wa mai karatu. An sa shi ya ƙaunaci dattijon yana zaton nasa ne, sai a ƙarshe a ce masa ashe Yohanna ne, ko ashe Sani ne. Wannan ita ce hanyar da na fi ƙi. Tarko ce, kuma wanda aka kama da tarko ba ya godiya, haushi yake ji. Ta kuma mai da sunan mutum abin razanarwa, alhali razanar da suna ke jawowa ita ce cutar da ake son magani. Wuri ɗaya kawai na yarda a jinkirta: inda jinkirin na tauraron ne, ba na mai karatu ba. Daniel Defoe ya nuna wannan tun 1719. Mun san sunan Robinson Crusoe tun daga bangon littafi, amma shi a tsibirinsa ya yi shekaru ba ɗan Adam da ya furta shi, har ya koya wa aku kiransa. Ranar da ya farka daga barci ya ji ana kiran sunansa, sai da ya firgita. Firgitar ta shige mu ne domin mun riga mun san sunan, mun kuma san tsawon lokacin da ya ɗauka ba a kira shi ba. Sanin sunan shi ke ba kaɗaicin ma'auni.

Game da ƙorafin cewa dabarun shigo da suna duk na bogi ne, amsar ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Mai ba da labari na da ikon ya faɗa kai tsaye, a jimlar farko, ba tare da neman uzuri ba. Ba wanda ya taɓa tambayar Imam ta ina ya san sunayen mutanensa. In kuma ana son ya fito daga bakin wani, Hemingway ya nuna hanya a The Old Man and the Sea a 1952: yaron da ke taimakon masuncin ya kira shi Santiago tun suna bakin teku, bayan nan ya shiga ruwa shi kaɗai, marubucin ya koma kiransa tsoho kusan ko'ina. Mai gadinmu ma yana da wanda yake karɓar aiki daga hannunsa da yamma, yana da mai shayin bakin titi. Kalma ɗaya daga ɗayansu ta isa, daga nan a rufe ƙofa. Inda labarin ke bakin tauraron kansa, yana cewa na yi, na ga, nan ne kawai wuyar take da gaske, kuma nan ne na fi sassauta wa mai ɓoyewa, don mutum na iya ba da labarinsa na dare guda bai ga dalilin gabatar da kansa ba. Ko a nan ɗin, sai in tambayi marubucin ko shi ya san sunan. Wanda ya sani ya riƙe, rubutunsa na nuna haka. Wanda bai yanke shawara ba, shi ma yana nunawa.

Saura wata mafaka da marubutan Kaduna ke gudu cikinta, wato sunayen da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai. Musa, Dauda, Haruna, Yakubu, Ibrahim, Maryamu, da sunayen rana irin su Ɗanladi, Ɗanjuma, Talatu, Laraba, Asabe. A coci ana amsa su, a masallaci ana amsa su. Ba ƙarya a cikinsu, domin da gaske kudancin kogi cike yake da Ɗanladin da ba ka sanin inda ya dosa sai ranar Juma'a ko Lahadi, kuma wannan tarayyar abu ce da ya kamata labari ya tuna wa mutane. Sai dai in an zaɓi Ɗanladi don kawai a kauce wa tambaya, ɓoyewar ce ta sake riga. Elnathan John, wanda haifaffen Kaduna ne, ya yi abin da ya fi wannan a Born on a Tuesday, shi ma na 2015. Almajirin littafin yawanci Ɗantala ake ce masa, amma sunansa na yanka Ahmad, kuma marubucin bai ɓoye ko ɗaya ba. Haka mutanenmu suke, ba mai suna ɗaya. Tsohon ma'aikacin masaƙa na da sunan da aka raɗa masa, da wanda kakarsa ke kiransa da harshen ƙauyensu, da laƙabin da abokan sashe suka liƙa masa, da wanda akawu ya rubuta ba daidai ba a takardar albashi har ya zame masa matsala ranar tantance masu karɓar haƙƙi. Marubucin da ya zauna ya yanke wanne daga cikin huɗun nan dattijon ke kiran kansa da shi in ya yi tuntuɓe cikin duhu ya tsawata wa kansa, zai ga rabin labarin ya riga ya rubutu.